Wa Ya Kashe Alfred Ill? Sharhi Kan Wasan da Ya Yanka wa Ran Mutum Farashi

Duk wanda ya kalli wasan kwaikwayon Friedrich Dürrenmatt mai suna Der Besuch der alten Dame, wato Ziyarar Dattijuwa, yakan fito da tambayar da bai shiga da ita ba: wa ya kashe Alfred Ill? A gaban idon 'yan kallo mazajen gari suka yi sahu biyu, mutumin ya shiga tsakaninsu, suka rufe shi, da suka watse sai ga gawa a ƙasa. Likitan gari ya duba ya ce bugun zuciya ne. Magajin gari ya ce murna ce ta kashe shi, 'yan jarida suka rubuta haka suka kama gabansu. Kowa yana wurin, amma ba a ga hannun kowa ba.

Ruɗani na biyu ya fi wannan damun mutane. Wasan yana ba da dariya tun daga farko har kusan ƙarshe, to da wa ake dariyar? Wasu sun ɗauke shi labarin ramuwar gayyar macen da aka zalunta, wasu suna ganin hari ne kan jari-hujja, wasu kuma suna cewa labarin tuba ne. Kowannensu yana da abin kafa hujja a cikin rubutun. Abin da zai warware yawancin gardamar yana cikin kashi na biyu na wasan, a kan kantar wani ƙaramin kanti, inda ake ta rubuta bashi.

Marubucin da labarinsa

An haifi Dürrenmatt a 1921 a Konolfingen da ke yankin Bern na ƙasar Siwizalan. Ɗan fasto ne, da Jamusanci yake rubutu, ya mutu a 1990. An fara nuna wannan wasa ranar 29 ga Janairun 1956 a gidan wasan Schauspielhaus na birnin Zurich, Therese Giehse ce ta fito a matsayin dattijuwar. Bayan shekara biyu darakta ɗan Ingila Peter Brook ya kai shi dandamalin New York, daga nan ya zaga duniya.

Labarin yana faruwa ne a Güllen, garin da marubucin ya ƙirƙira ya ce yana wani wuri a tsakiyar Turai. Sunan da kansa zambo ne, domin a bakin mutanen Siwizalan kalmar da aka ciro shi daga cikinta tana nufin ruwan kashin dabbobi da ake zubawa a gona. Garin ya tsiyace: masana'antu sun rufe, manyan jiragen ƙasa sun daina tsayawa a tasharsa, masu bin bashi sun zo kwashe kayan ofishin magajin gari. Abin da ya rage wa mutanen shi ne alfahari da da. Suna cewa shahararren marubucin Jamus Goethe ya taɓa kwana a garinsu, shahararren makaɗin Jamus Brahms ya taɓa tsara kiɗa a can.

Sai ga labari cewa 'yar garin, Klara Wäscher, wadda ta bar shi shekara 45 da suka wuce, za ta dawo. Yanzu sunanta Claire Zachanassian, kuma babu macen da ta kai ta kuɗi a duniya. Aka ɗora wa Alfred Ill, mai kanti, saurayinta na ƙuruciya, wanda ake shirin naɗawa magajin gari na gaba, nauyin tausasa zuciyarta. A wurin liyafa ta yi alkawarin biliyan ɗaya, miliyan 500 ga asusun gari, miliyan 500 a raba wa iyalai, da sharaɗi ɗaya: wani ya kashe Ill.

Dalilinta tsohon zalunci ne. Tana da shekara 17 ta yi cikin Ill, ta kai ƙara kotu a 1910, shi kuma ya sayi shaidu biyu da lita ɗaya ta barasa suka rantse cewa su ma sun kwana da ita. Ta faɗi shari'a, ta bar garin ana yi mata dariya, 'yar da ta haifa ta shekara ɗaya ta mutu, ita kuma ta faɗa karuwanci a Hamburg har wani attajirin man fetur ya aure ta. Ill ya auri 'yar mai kanti ya gaji kantin. Da ta gama bayani, magajin gari ya miƙe ya ƙi tayin da sunan mutuntaka, ya ce sun gwammace su zauna cikin talauci da su ɓata hannunsu da jini. Jama'a suka tafa. Amsarta gajera ce: "Zan jira."

Kalmomin da ya kamata a bambance

Barkwanci manufarsa nishaɗi ne, ana dariya a watse. Zambo dariya ce mai ƙaiƙayi, wadda ke kambama aibin mutum don a gan shi. Habaici kuwa ba ya kama suna, mai abin ne ke gane nasa. Wannan wasa yana amfani da duka ukun, amma ƙarfinsa a habaici yake. Yawancin mutanen Güllen ba su da suna a jerin taurari: Magajin Gari, Malami, Likita, Fasto, Ɗan Sanda, sai Na Ɗaya, Na Biyu, Na Uku, Na Huɗu. An bar gurbin sunan a buɗe don ɗan kallo ya ga ko zai dace da shi.

Dürrenmatt ya kira wasan da wani laƙabi mai haɗa kishiyoyi, wato wasan ban dariya mai ban tausayi. A wata maƙala da ya buga a 1955 kan matsalolin wasan kwaikwayo, ya bayyana dalilinsa. Wasan ban tausayi irin na tsofaffin Girkawa yana bukatar mutum ɗaya da za a nuna da yatsa a ce shi ya aikata, shi zai ɗauki alhaki. A zamanin manyan ma'aikatu da kamfanoni, a cewarsa, laifi ya narke cikin taro, kowa ya taɓa kaɗan, babu wanda ya yi nufi. Don haka ya ga cewa salon ban dariya ne kawai zai iya kamo irin wannan duniya. Wanda ya riƙe wannan bayani zai gane dalilin da ya sa aka ɓoye hannun mai kisa a ƙarshen wasan.

Kalmomi biyu na gaba su ne farashi da mutunci. Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya rubuta a 1785 cewa kowane abu ko dai yana da farashi ko yana da mutunci. Mai farashi ana iya musanya shi da makamancinsa, mai mutunci ba shi da madadi. Claire tana rayuwa ne a duniyar da wannan iyaka ta goge. Mazajenta na bakwai da na takwas da na tara sukan fito a jikin ɗan wasa ɗaya. Ma'aikatanta ta sauya musu suna zuwa Boby, Toby, Roby, Koby da Loby, kamar kayan da suka fito daga injin guda. Boby shi ne alƙalin da ya yanke mata hukunci a 1910, ta saye shi da albashin da ba zai iya ƙi ba. Toby da Roby 'yan daba ne daga Manhattan da ta fanso daga hukuncin kisa kan dala miliyan ɗaya kowanne. Koby da Loby su ne shaidun zur ɗin nan biyu, ta sa aka nemo su aka makantar da su aka dandaƙe su. Jikinta ma haɗe-haɗe ne, ƙafa ta roba, hannu na hauren giwa.

Sai kuma al'adar saye-saye, wadda ta bambanta da sayen abin bukata. Ita ce yanayin da mutum ke auna matsayinsa da abin da ya iya saya, kuma abin da ya ishe shi jiya ya zama abin kunya yau saboda maƙwabci ya sami wanda ya fi shi.

Zamanin da ya haifi wasan

An rubuta wasan a 1955, shekara goma bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1948 Amurka ta zuba kusan dala biliyan 13 a Yammacin Turai ƙarƙashin Shirin Marshall, wato tallafin farfaɗo da ƙasashen bayan yaƙi. Jamus ta Yamma, wadda biranenta suka zama kufai, tana cikin bunƙasar da aka yi wa laƙabi da mu'ujizar tattalin arziki. Firiji, rediyo da mota suna shiga gidajen ma'aikata, sau da yawa ta hanyar biya kaɗan-kaɗan. Siwizalan ba ta shiga yaƙin ba, masana'antunta da bankunanta sun fito lafiya, arzikinta ya ci gaba da hauhawa. Dürrenmatt ya taɓa yi wa wasan laƙabi da wasan ban dariya na zamanin bunƙasa. Sunan Zachanassian ma, kamar yadda ya faɗa da kansa, ya harhaɗa shi ne daga sunayen manyan attajirai uku: Zaharoff, Onassis da Gulbenkian.

Wannan ya nuna cewa mutanen da suka zauna a gidan wasa a Zurich a daren farko ba su yi kama da Güllen ta farkon wasa ba, matalauciya. Da Güllen ta ƙarshe suka yi kama, mai sababbin tufafi da fitilu.

Littafin bashi

Kashi na biyu yana buɗewa da safiya a kantin Ill. Mutane suna shigowa suna jaddada masa cewa suna tare da shi, babu abin da zai same shi. Kowa kuma yana sayen abin da ya ɗan fi na jiya. Mai shan taba mai araha ya nemi mai tsada. Matan da ke sayen madara mai ruwa-ruwa sun nemi mai kauri, suka ƙara da cakulan. Mai shan barasar talaka ya nemi ta masu hali. Duk wanda ya karɓa sai ya ce a rubuta. Ill yana rubutawa da hannunsa, har idonsa ya faɗa kan ƙafafunsu ya ga kowa sanye da sababbin takalma masu ruwan ɗorawa. Ya tambaye su da me za su biya. Babu wanda ya amsa.

A nan jigon wasan yake. Babu taron sirri, babu wanda ya ƙulla makirci, kuma idan aka rantsar da mutanen a wannan safiya za su rantse da gaskiya cewa ba sa nufin kisa. Marubucin ya faɗi haka a bayanin da ya rubuta a ƙarshen littafin: mutanen Güllen ba miyagu ba ne, masu rauni ne kamar kowa, sun ci bashi ne cikin sakaci da zaton al'amura za su daidaita da kansu. Kowane mutum yana lissafin cewa a cikin gari guda wani zai aikata, shi kuma zai sami rabonsa da hannu mai tsabta. Sai dai kowane takalmi da aka saya bashi ya zama caca kan mutuwar Ill. Ranar da jimillar bashin ta fi ƙarfin garin, zaɓin da magajin gari ya yi alfahari da shi a wurin liyafa ya riga ya fita daga hannunsu. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na Güllen hanya ɗaya tak ke akwai ta biyansa.

Ill ya zaga neman mafaka wurin hukumomi uku, kuma tsarin ziyarar iri ɗaya ne. Ɗan sanda ya ce doka ba ta kama mutum kan tayin da ya wuce hankali, yana magana sabon haƙorin zinare yana ƙyalli a bakinsa. Magajin gari ya tuna masa cewa gari ne mai al'adar mutunta ɗan Adam, ga sabuwar tafireta a teburinsa, ga zanen sabon ginin majalisa a bango, sannan ya shaida masa cewa maganar naɗa shi magaji ta tashi saboda abin da ya yi wa Klara. Fasto ya ce masa ya kula da makomar ransa a lahira, sai aka ji ƙarar sabuwar ƙararrawar coci. Faston ne kaɗai ya karaya ya faɗi gaskiya, ya ce masa ya gudu, kada zamansa ya jefa su cikin jarrabawa.

A duk tsawon wannan kashi Claire tana zaune a barandar otal tana kallo. Ba ta tsoratar da kowa ba, ba ta aika kowa ba. Akwatin gawar da ta zo da shi ana ta kai masa furanni. Baƙar damisar da ta kawo ta kuɓuce, mutanen gari suka ɗauki bindigogi suka harbe ta a ƙofar kantin Ill, kuma 'yan kallo sun riga sun ji cewa baƙar damisa shi ne sunan da take kiransa da shi suna matasa. Da ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha, gari duka ya raka shi, ana yi masa fatan alheri, an kewaye shi. Babu wanda ya riƙe shi. Ya tabbata cewa in ya ɗaga ƙafa wani zai riƙe shi, jirgin ya tashi ya bar shi a durƙushe.

A kashi na uku bashin ya shiga gidansa. Ɗansa ya sayi mota, matarsa ta sayi rigar gashin dabba mai tsada, 'yarsa ta shiga koyon wasan tanis, an gyara kantin ya yi fes. Mai karatu da ya ɗauka cewa kwaɗayin miyagu ake nunawa, a nan fassararsa take rushewa, domin waɗannan mutane suna ƙaunarsa gwargwadon iyawarsu, suna kuma gaya masa cewa ya cika tsoro, komai zai wuce.

Akwai wani abu da ke sauya ma'anar talaucin garin gaba ɗaya. Malami da Likita sun je wurin Claire da shawara mai hankali: ta sayi masana'antun da suka durƙushe ta farfaɗo da su, akwai ma'adinai da mai a ƙarƙashin ƙasarsu, kowa zai ci riba ba tare da jini ba. Ta amsa cewa ba za ta iya sayen su ba domin nata ne tuntuni. Wakilanta ne suka saye su ɗaya bayan ɗaya suka rufe. Ashe wadda ta zo da magani ita ta haɗa ciwon. Ta ƙara da cewa duniya ta mayar da ita karuwa, yanzu ita za ta mayar da duniya gidan karuwai.

Yadda kalmar adalci ta sauya hannu

Da bashi ya yi nauyi, harshen mutanen ya fara juyawa. A farko laifin Ill tsohon zance ne da lokaci ya binne. Sannu a hankali ya zama abin takaici, daga nan ya zama abin ƙyama, har mutumin da ya fi kowa farin jini a gari ya koma wanda ake jin kunyar zama da shi. Laifin na gaske ne, ba ƙage ba, kuma wannan ne ya sa tarkon ya kama. Amma shekara 45 garin ya san labarin bai dame shi ba, wasu daga cikinsu ma suna cikin masu dariya ranar da yarinyar ta tafi da cikinta. Laifi tudu ne, suka taka nasu suka hango nasa.

A taron gari na ƙarshe, gaban kyamarori da rediyo, Malami ne ya yi jawabi, mutumin da ya taɓa shan barasa ya furta wa Ill cewa yana jin kansa yana zama mai kisa a hankali. Ya ce maganar ba ta kuɗi ba ce, ta adalci ce. Jama'a suka maimaita rantsuwar bayan magajin gari, jimla bayan jimla, kamar masu ibada. 'Yan jarida sun ɗauka ana kaɗa ƙuri'ar karɓar kyauta ce kawai. Sai mai ɗaukar hoto ya ce fitilarsa ta sami matsala, a sake. Aka sake rantsuwar kalma bayan kalma. Abu ɗaya ne bai maimaitu ba: kiran Ubangiji da ya kuɓuce daga bakin Ill a karo na farko. An roƙe shi ya sake, ya yi shiru.

Fassarori masu karo da juna

Masu kallon wasan ta fuskar tattalin arziki suna cewa Claire ita ce jari da kansa: ba ta da ƙasa, tana sayen kotu da coci da jarida, tana tsayar da jirgin da ba ya tsayawa ta hanyar jan birkin gaggawa, ta kuma rufe bakin ma'aikacin jirgin da kuɗi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sayen masana'antu da rufe su. Rauninta shi ne tana sauke wa mutanen gari nauyi fiye da yadda wasan ya sauke musu, alhali babu wanda ya tilasta musu sayen takalma.

Wasu suna karanta shi a matsayin habaici kan zamanin 'yan Nazi: al'umma mai alfahari da Goethe da Brahms ta ba da maƙwabcinta, kowa ya amfana, babu mai laifi. Ga 'yan Siwizalan tambayar ta fi kusa, domin batun abin da ƙasarsu da bankunanta suka amfana da shi a lokacin yaƙi ya daɗe ana kauce masa, sai a 1996 aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin masanin tarihi Jean-François Bergier, ta miƙa rahotonta na ƙarshe a 2002. Masu suka suna cewa kwatancen bai zauna daidai ba, tunda Ill yana da laifi na gaske, waɗanda aka hallaka a wancan zamani kuwa ba su da shi.

Fassara ta uku tana kan Ill. Bayan tasha ya kulle kansa a ɗaki kwanaki, ya fito ya daina gudu, ya amsa cewa shi ya mayar da Klara abin da ta zama. Da magajin gari ya kawo masa bindiga mai harsashi don ya sauƙaƙa wa kowa, ya ƙi. Ya ce zai karɓi hukuncinsu, a wurinsa adalci ne, amma ba zai ɗauke musu aikin ba. Masu wannan ra'ayi suna ganin shi kaɗai ne ya sami mutunci a wasan, a daidai lokacin da aka yanka masa farashi. Masu adawa da su suna tambaya ko amincewarsa ba ta taimaka wa makasan wajen wanke kansu ba.

Akwai kuma masu tsayawa a gefen Klara. Suna tuna wa mai karatu cewa ba ita ta fara sa wa mutum farashi ba. Ill ne ya fara, ya sayar da ita kan lita ɗaya ta barasa da ƙaramin kanti, kotu ta sa hannu, gari ya tafa. Abin da ta yi shi ne ta koyi ƙa'idar kasuwar ta dawo da jari mafi girma. Wannan fassara tana da tushe mai ƙarfi a rubutun, ko da yake makantar da shaidu da tsiyata gari guda, har da waɗanda ba a haifa ba a 1910, sun wuce duk wani ma'aunin ramuwa.

Shi marubucin ya ja kunnen masu fassara. Ya ce Claire ba ta wakiltar adalci, ko Shirin Marshall, ko tashin duniya, a bar ta a matsayin abin da take, mace mafi kuɗi a duniya wadda dukiyarta ta ba ta ikon yin abin da jaruman tsofaffin wasannin Girka ke yi. Ya kuma ce shi bai nisanta kansa da mutanen Güllen ba, ba shi da tabbacin cewa da shi ne zai yi daban.

Waɗanda suka mayar da wasan fim sun nuna yadda ƙarshensa ke da nauyi. A fim ɗin 1964 da Ingrid Bergman da Anthony Quinn suka fito, an sauya ƙarshen, matar ta hana kisan ta bar mutumin ya rayu cikin waɗanda suka yarda a kashe shi. A 1992 Djibril Diop Mambéty na Senegal ya kai labarin Colobane cikin harshen Wolof a fim ɗinsa Hyènes, wato kuraye, inda ake cewa matar ta fi Bankin Duniya kuɗi, kuma firiji da fanka suka shiga cikin kayan ruɗin. Masu sharhi da yawa sun karanta shi a matsayin magana kan bashin ƙasashe da sharuɗɗan masu ba da lamuni. Mambéty bai ceci mai kantinsa ba.

Inda abin ya shafi mutum na yau da kullum

Da wuya a yi wa wani tayin biliyan kan ran maƙwabcinsa. Abin da ke faruwa kullum shi ne tsarin da wasan ya zana: mutum ya kashe kuɗin da bai shigo ba, sannan ya tarar cewa ra'ayinsa ya fara bin bashinsa. Ma'aikacin da albashinsa na watanni masu zuwa ya riga ya tafi kan biya kaɗan-kaɗan yakan yi nauyin baki idan ya ga ba daidai ba a wurin aiki. Garin da ya dogara da masana'anta ɗaya yakan ga mai ƙorafi kan gurɓatar ruwa ko haɗarin aiki a matsayin maƙiyi, kuma zai samo masa laifi na gaske a tarihinsa, domin da wuya a rasa. Sauƙin cin bashi a yau, da kati ko ta wayar hannu, ya rage tazarar da ke tsakanin sha'awa da sa hannu fiye da yadda take a 1956.

Ya kamata a yi wa saye-saye adalci a nan. Madara mai kauri da takalmi marar huji ba almubazzaranci ba ne, kuma wasan bai yabi talauci ba. Ya nuna shi da muninsa, mutane zaune a tasha suna ƙirga jiragen da ke wucewa. Wanda ya karanta shi a matsayin wa'azin a haƙura da tsiya ya kauce. Tambayar da yake yi ita ce wa zai biya, kuma ko mai saye ya yarda ya san amsar.

Haka batun sa wa rai kuɗi. Kotuna suna yanke diyya, kamfanonin inshora suna lissafi, gwamnatoci suna ƙiyasta abin da za a kashe don rage mace-mace a hanya. Waɗannan lissafi ne na rage asara ko na tallafa wa wanda aka bari bayan ta auku. Tayin Claire yana gaban mutuwar, kuma yana ba kowa riba a cikinta, shi ya sa likitan da aikinsa ceton rai ne ya rubuta bugun zuciya, kamar yadda ta ba shi shawara cikin raha tun ranar da ta iso.

Bayan an gama kisan, Claire ta sa aka buɗe fuskar gawar ta duba, ta ce ya koma kamar yadda yake da, ta miƙa wa magajin gari cek. Ta riga ta gina masa kabari a tsibirin Capri na Italiya, can za ta kai shi. Fitowar ƙarshe a tasha ake yin ta, an gyara ta, ga fitilu da allunan talla, mutanen Güllen cikin kayan biki sun kasu rukuni biyu suna rera baitoci a salon amshin tsofaffin wasannin Girka. Dürrenmatt ya aro zubin ne daga waƙar Sophocles, marubucin Girka na da, da ke cikin wasansa Antigone, wadda ke cewa abubuwan al'ajabi suna da yawa amma babu kamar ɗan Adam. A bakin mutanen Güllen, abin da ya fi komai ban tsoro shi ne talauci. Babban jirgin da ya daina tsayawa a garin ya tsaya, aka shigar da akwatin, su kuma suna roƙon Allah ya tsare musu arzikinsu.